Tuta Da Takobi A Ƙasar Haɗejiya

A cikin watannin da aka tura mu koyon aikin koyarwa, mu uku muka sauka a wata makaranta ta ƙasar Kaugama. Ran nan ɗayanmu yana ba yara labarin sarakunan Haɗejiya, mu biyu muna zaune a baya muna duban aikinsa, sai ya zo kan Sarki Buhari. Ya faɗa musu yadda Buhari ya ƙi Sarkin Musulmi, aka tara masa runduna, ya watsa ta. Yara suka yi ta murna har da masu buga tebur, don kuwa babu ɗan ƙasar nan da ba ya jin daɗin wannan labari. Ana cikin haka sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, jiya kun ce mana bin na gaba bin Allah ne. To, shi Buhari da ya ƙi bin na gabansa, don me mutanen Haɗejiya suka bi shi?" Muka dubi juna. Allah ya rufa mana asiri aka buga ƙararrawa.

Tun daga ranar tambayar nan ba ta bar mu ba. Mun zo da ita kwaleji, mun yi ta gardama a kanta da dare a ɗakin kwana, har muka ga ya kamata mu sa ta a takarda, don malamanmu da 'yan'uwanmu su gyara mana inda muka karkace. Ga abin da muka tsaya a kai: ƙarfi yana sa a bi mutum, amma ba ya sa mutum ya cancanci a bi shi. Ba kuwa sai mun tafi wata ƙasa neman misali ba, labarin Haɗejiya ya ishe mu.

Kafin jihadi ƙasar nan ba a hannun sarki ɗaya take ba. Akwai Auyo, da Garun Gabas wadda ake kira Biram, da Haɗejiya, da Kazura, da Gatarwa, da Fagi, da Dawa, kowace da sarkinta, dukansu kuwa suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Wajen shekara ta 1805 Umaru, shugaban Fulanin wannan yanki, ya aiki ƙanensa Sambo wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, aka ba su tuta. Da Umaru ya rasu, bayan ɗan lokaci kaɗan sarauta ta faɗo hannun Sambo a 1808, shi ne ya haɗa ƙasashen nan ya mai da Haɗejiya babban birni, ya kuma daɗe bisa gado har 1845.

To, mece ce tuta? In aka dubi jikinta, ƙyalle ne aka ɗaura a gora, ko sauro ba ta iya kashewa. Abin da ya ba ta nauyi alkawarin da ke bayanta ne. Wanda ya karɓe ta ya yarda ke nan akwai wani a bisansa da zai iya tuhumarsa, akwai kuma shari'a a bisan su biyun. Shehu da kansa, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa halayen da ya zargi sarakunan Haɓe da su, a cikinsu har da cin sarauta da gado da ƙarfi ba tare da shawara ba, da ɗora wa talakawa kuɗin da shari'a ba ta sa ba, da karɓar gaisuwa kafin a ji ƙarar mai ƙara. Ashe duk wanda ya karɓi tuta daga hannun mai wannan magana ya ɗaure kansa da ita. Sarautarsa amana ce da sharaɗi, mai iya tsayawa, mai iya warwarewa.

Da Sambo ya tsufa ya sauka ya ba ɗansa Garko, bai daɗe ba ya rasu a 1847. Aka naɗa Abdulƙadiri, shi ma bai yi nisa ba. Zuciyar tsohon tana wajen ɗansa Ahmadu, amma a 1848 Buhari ya haye gado, da goyon bayan sarakunan yaƙi da manyan bayin fada. Bai jima ba ya sa aka kashe ɗan'uwansa Nalara, Sarkin Auyo. Magana ta kai Sakkwato, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya aiko Waziri Abdulƙadiri ɗan Giɗaɗo, ya sauka a Katagum ya kira Buhari ya zo ya amsa. Buhari bai miƙa wuya ba. Aka tuɓe shi a 1850, aka naɗa Ahmadu, shi kuwa ya ja da baya zuwa wajen Macina ya sake shiri. A 1851 ya komo ya ƙwace garin, Ahmadu ya rasa ransa. Wajen 1853 aka tara runduna daga ƙasashe da yawa, har da Kano da Katagum, aka nufo shi, ya auka musu a Kaffur ya tarwatsa su. Daga nan ba wanda ya sake iya fitar da shi, har 1863 da ajalinsa ya same shi a yaƙin Bade, a Gogaram. Bayan rasuwarsa Haɗejiya ta koma ta shirya da Sakkwato.

Ku duba, jama'a, ga 'yan'uwa biyu uba ɗaya. Ahmadu yana da naɗi, bai iya tsare garinsa ba. Buhari an tuɓe shi, amma ya riƙe garin shekara goma sha biyu bayan komowarsa. Wane ne Sarkin Haɗejiya na gaskiya a cikinsu? Duk wanda ya amsa wannan ya amsa tambayar yaron nan.

Mu 'yan ƙasar Haɗejiya mun saba amsawa da ƙirji. In 'yan'uwanmu Kanawa suka tsokane mu a ɗakin cin abinci, sai mu ce su tuna Kaffur. Mukan ce Buhari ya ɗaukaka sunan Haɗejiya, ya faɗaɗa ƙasarta, ya hana a riƙa juya ta daga nesa. Ba ƙarya muka yi ba, jarumi ne, samun irinsa a fagen fama sai an tona. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ɗaukakar nan wa ya biya kuɗinta? Manoman gabashin Kano, da na Katagum, da na sauran maƙwabta su suka biya, waɗanda aka ƙone wa rumbuna, aka kwashe musu shanu, aka sayar da 'ya'yansu, alhali kuwa da yawansu Musulmi ne 'ya'ya, shari'a ba ta halatta bautar da su ba. Bajamushen nan matafiyi Hainrik Bart, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya ratsa ta Gumel a 1851, ya kuma komo ta wannan yanki bayan 'yan shekaru, ya rubuta irin tsoron da sunan Buhari yake jefa wa matafiya da mutanen ƙauye. In da kakanninmu suna cikin waɗanda aka kora a igiya, da ba mu buga tebur ba. Abin da ya raba Buhari da Sakkwato kuwa, kada mu manta, jini ne aka kira shi ya amsa. Wanda ya ƙi zuwa gaban shari'a don ya san yana da dawaki, ya gaya wa talakawansa ke nan cewa su ma ran da ya zalunce su ba su da inda za su kai kuka.

Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, ba kuwa za mu ɓoye ta ba, don ita ta fi ba mu wahala. Wani daga cikinmu ya ce, me ake nema wurin sarki in ba tsaro ba? Sakkwato ta naɗa Ahmadu, ta koma gida ta bar shi, aka kashe shi. Tutar da ba ta iya kare mai riƙe da ita, ina za ta kare manomi? Ashe wanda yake iya tsare ganuwa shi ne sarki, ko ta wace ƙofa ya shigo. Wannan magana tana da manyan magoya baya. Wani masanin Ingila, Tomas Hobs, wanda ya ga yaƙin basasar ƙasarsu da idonsa, ya rubuta a 1651 cewa biyayya da tsaro tare suke tafiya, mutum yana bin wanda ke iya kare shi ne, don zaman da babu mai iko ya fi kowane zalunci muni. Tun kafin shi da daɗewa, da yawa daga malaman fiƙihu sun halatta bin wanda ya ƙwaci mulki da ƙarfi, in ya riga ya kafu, don gudun fitina da zub da jini.

Mun yi ta juya wannan, ga inda muka fita. Abin da malamai suka halatta rangwame ne ga talaka, bai zama wanki ga mai ƙwace ba. Wanda yunwa za ta kashe a daji an halatta masa cin mushe, amma wannan bai mai da mushe yankakke ba, bai kuma ba mahauci izinin kasa shi a kasuwa ba. Hakanan manomin da ya kai wa Buhari hatsi don kada a ƙone masa gida ba shi da laifi, larura ce ta sa shi. Laifin yana nan a wuyan wanda ya jefa shi cikin larurar. Ban da haka, in muka ce mai iya tsarewa shi ne mai haƙƙi, sai mu tambaya, tsaro daga wa? Sau da yawa wanda ake biya don tsaro shi ne abin tsoron. Ɗan fashin da ya tare hanya ya ce a ba shi rabi ya bar mutum ya wuce da rabi, shi ma ai tsaro yake sayarwa, amma ba wanda ya taɓa kiransa sarki.

Saboda haka amsar rabin tambayar yaron nan ke nan. Mutanen Haɗejiya sun bi Buhari, waɗansu don tsoro, waɗansu don ganima, waɗansu kuwa don ƙauna ta gaskiya da jin kai na gari. Duk wannan yana nuna mana dalilin da ya sa aka bi shi. Bai nuna mana cewa yana da haƙƙin a bi shi ba. Abu biyu ne dabam, wanda ya gama su ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba, kuma labarin ƙasar nan ya nuna mana wanda ya shigo ta ƙofar.

Shekara arba'in bayan rasuwar Buhari Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Gwamna Lugga ya tara manyan Sakkwato ya yi musu jawabi, gindin maganarsa kuwa shi ne, Fulani sun sami ƙasar nan da yaƙi, yanzu an ci su da yaƙi, saboda haka duk ikon da ke hannunsu, na naɗi da tuɓewa da haraji da ƙasa, ya koma hannun Ingila. Ku saurara da kyau, ya ku 'yan'uwa. Wannan hujja ba ta da bambanci da hujjar Kaffur ko kaɗan, sai dai an faɗe ta da Turanci, kuma a bayanta akwai igwa da bindiga mai ruwa maimakon dawaki. Duk wanda ya ce Buhari ya cancanci sarauta don ya yi nasara, tilas ya ce Lugga ya cancanci Sakkwato don ya yi nasara. Ba a yarda da ita ran da ta ba mu, a ƙi ta ran da ta ba wani.

Haɗejiya kuwa ta ƙi ta da jininta. Turawa sun ajiye soja kusa da garin, zama ya ƙi daɗi tsakaninsu da fada. Bayan tashin Satiru a farkon 1906 suka ƙudura ba za su bar wani wuri da ke ɗaga kai ba, aka taso da runduna daga Kano a ƙarƙashin Kanar Lori Kol. Suka aika da manzo cikin gari da sharuɗɗansu, aka mari manzon. Ran 25 ga Afrilu, 1906, aka gwabza a cikin birni har ƙofar fada, Sarki Muhammadu, wanda ke bisa gado tun 1885, ya faɗi tare da waɗansu 'ya'yansa da manyan mutanensa masu yawa. Shi ya sa har yau ba a kiransa sai Mai Shahada.

Nan ne muke so mu roƙi 'yan ƙasarmu su daina wani kuskure da mu ma muka daɗe muna yi. Mukan haɗa Buhari da Mai Shahada a kwando ɗaya, mu ce duka biyu sun nuna Bahaɗeje ba ya durƙusa wa kowa. Ƙi kam duk ƙi ne, amma abin da aka ƙi ya bambanta. Buhari ya ƙi wanda gidansu ya yi wa mubaya'a da yardarsa, ya ƙi shi kuwa a kan tuhumar jini. Muhammadu ya ƙi baƙon da ba shi da wata hujja a kansa sai bakin bindiga. Na farko ya ce ƙarfina ya ishe ni, shari'a ba ta hau kaina ba. Na biyu ya ce ƙarfinka bai ishe ka ba, ko da za ka kashe ni. In aka auna da kyau, mutuwar Muhammadu ƙaryata hujjar Buhari ce. Wanda ya yabe su da yabo ɗaya bai san abin da yake yabo ba, taurin kai kurum yake yaba wa, taurin kai kuwa ko jaki yana da shi.

Su kansu Turawa aikinsu ya ƙaryata bakinsu. Da suka ci garin ba su ɗora Bature bisa gado ba, ba su kuma ɗauko wani baransu ba, sai suka koma gidan Sambo suka naɗa Haruna, don sun san bindiga tana buɗe ƙofar gari, amma ba ta tara haraji shekara da shekaru. Suna bukatar fuskar da mutane suka riga suka yarda da ita. Har rantsuwar da suke sa sarakuna su yi kafin a ba su sanda, an sa togiya a cikinta cewa biyayyar ba ta shafi abin da ya saɓa wa addini ba. Mai nasara da ya rubuta iyaka ga biyayyar da za a yi masa ya amsa ke nan cewa akwai abin da ke bisa nasara. A ƙasarsu ma ba su taɓa yarda da hujjar da suka kawo mana ba. A 1215 manyan Ingila suka tilasta wa Sarki Jon ya sa hatimi a takardar da ta ɗaure shi da doka. A 1649 suka gurfanar da sarkinsu gaban shari'a suka sare kansa. Masaninsu Jon Lok kuwa ya bayyana cewa mulki na halal daga yardar waɗanda ake mulka yake fitowa, kuma wanda ya ci ƙasa da yaƙin zalunci bai sami haƙƙi a kan mutanenta ba. Ba mu musun cewa zamaninsu ya kawo waɗansu abubuwa na alheri. Harin bayi ya mutu, hanyoyi suka yi lafiya, manomin Kaugama ya iya kai amfanin gonarsa kasuwa ba tsoron a kama shi. Wannan abin lissafi ne, kuma mun lissafa. Amma baƙon da ya karya ƙofa ya shiga gida, ko ya share tsakar gida ya gyara danga, bai zama mai gida ba. A 1960 suka tafi.

Wani malaminmu da ya ji muna wannan gardama ya ce mana, "To, ku da kuke kushe takobi, ita tutar da me aka kafa ta? Sambo da addu'a ya shiga Haɗejiya?" Gaskiya ne, da yaƙi aka kafa ta, ba za mu yi wa tarihi kwalliya ba. Bambancin da muke gani shi ne, masu jihadi ba su ce mun ci don mun fi ƙarfi ba. Sun kawo dalili, sun rubuta shi, sun shimfiɗa sharuɗɗan da za a auna mai mulki da su, ta haka kuwa suka ba kowa sandar da zai doke su da ita in sun kauce. Ba a daɗe ba kuwa aka ɗauki sandar. Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ransa ya ɓaci har ya bar su ya nufi gabas wajen 1807, ya tsaya a Kano, mutanenta suka roƙe shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake riƙon mulki bisa shari'a. Muhammadu Bello kuma ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaji nasiha a kan tushen siyasa. Saboda haka ba mu ce duk mai tuta mai gaskiya ne ba. Sarkin da ya gaji tuta ya koma yin abubuwan da Shehu ya lissafa, ya warware alkawarin da hannunsa, ƙyalle kawai ya rage masa. Halaccin mulki ƙafa biyu gare shi, ƙofar da aka shigo ta cikinta, da abin da aka yi bayan an shigo. Ahmadu ya shigo ta ƙofa, Allah bai ba shi kwanan da za a ga aikinsa ba. Buhari ya haura katanga, aikinsa kuma bai wanke shi ba.

Kada wani ya ce wannan tsohon zance ne. Bayan tafiyar Turawa soja suka karɓi mulkin Nijeriya daga 1966 zuwa 1979, suka sake karɓa daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, kowane juyi kuwa da hujjar Kaffur yake zuwa, a kan ƙara masa da cewa an zo gyara ne. Ita kanta Jihar Jigawa da dokar soja aka yanke ta daga Kano ran 27 ga Agusta, 1991, mutane suka yi murna, mu ma muna cin amfaninta. Amma kyautar da mai ƙwace ya yi ba ta halatta ƙwacen ba. Yau tutar da ake ba mai mulki ita ce ƙuri'a, daga shugaban ƙaramar hukumar Kaugama har zuwa shugaban ƙasa, kuma talakawa ne ke ba da ita. Wanda ya saye ta da kuɗi ko da buhun shinkafa, ko ya aiko 'yan daba su tsare akwati, shi ma katanga ya haura, ko da an rantsar da shi da Alƙur'ani a gaban alƙali.

Ga kuma wata shaida da ke gabanmu kullum ba mu lura da ita. Daga 1967 zuwa 1976 aka raba sarakunanmu da kotu, da 'yan doka, da gidan yari, da baitulmali, watau aka zare musu takobi duka. In da ƙarfi ne gindin sarauta, da tuni an manta hanyar fada. Amma har yanzu in shanu suka shiga gona, ko aka yi jayayya kan iyakar fadama ko burtali, sau da yawa wurin bulama da dagaci da hakimi ake fara zuwa, kuma inda mai sarautar ya yi suna da gaskiya, maganarsa tana kashe wutar da mota cike da 'yan sanda ba ta kashewa. Inda kuwa aka san yana karɓa a hannu biyu, ko ya naɗa rawani ya kai rufin soro ba mai jin maganarsa. Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Mu mutanen bakin kogi muna da ma'auni na kusa. Rayuwar ƙasarmu a kan ruwan kogin Haɗejiya take, da mai shinkafa, da masunci, da makiyayin da ke jiran ruwa ya janye ya sami ciyawa. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992, duka biyu can sama a ƙasar Kano, tun daga nan kuwa hawan ruwa da saukarsa ba a hannun damina kaɗai suke ba, akwai hannun hukuma a ciki. Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ambaliya kuma ta cinye gonaki da gidaje a 2020 da 2022. Mai riƙe da makullin ruwan nan yana da iko a kan tukunyar manomin Kaugama fiye da yadda Buhari ya taɓa samu. Tambayar da muka yi wa Buhari ita za mu yi masa: wa ya ba ka, da wane sharaɗi, kuma in ka cuce mu, gaban wa za mu kai ka? Hukumar da ke da amsar waɗannan ta cancanci a bi dokarta ko da ta yi mana ɗaci. Wadda ba ta da amsa, iko kawai gare ta.

Abin da ya sa muka damu da wannan magana har haka, mu malamai za mu zama, aji kuwa ƙaramar ƙasa ce. A can yaro ke fara ganin mai iko wanda ba ubansa ba. In ya ga malam yana da gaskiya don yana riƙe da bulala, ya ga ana hukunta ɗan talaka a kan laifin da aka yafe wa ɗan mai unguwa, ya ga ba a tambayar malam dalili, to, mun koya masa hujjar Kaffur tun bai iya rubuta sunansa ba, in ya girma zai durƙusa wa duk mai bulala, in kuwa bulalar ta faɗo hannunsa zai yi yadda aka yi masa. In kuma ya ga malam yana bin dokar da ya kafa, yana amsa kuskurensa in ya yi, yana da na gaba da shi ma yake ba amsa, to, ya koyi ma'anar tuta ba tare da an buɗe littafi ba.

Mun yi alkawari in Allah ya mai da mu makarantar nan za mu nemi yaron mu biya shi bashinsa. Za mu ce masa karin maganar gaskiya ne, amma an yi shi ne a kan na gaban da shi ma yake bin abin da ke gabansa, watau shari'a da alkawarin da aka naɗa shi a kai. Za mu ce masa Buhari jarumi ne, kada ya ji kunyar faɗin haka, amma jaruntaka ba ta wanke jinin Nalara da na Ahmadu ba. Za mu kuma gode masa da ya yi tambayar, don ƙasar da yaranta ke tambayar dalilin biyayya tana da wuyar ci ga azzalumi, na gida ko na waje.

In mun yi kuskure a cikin abin da muka faɗa, shafin nan a buɗe yake, muna jiran gyara daga malamanmu, da kuma 'yan'uwanmu na Haɗejiya waɗanda muka san wannan magana ba za ta yi musu daɗi ba. Allah ya ji ƙan magabata, ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma ya ba mu sanin wanda ya cancanci mu bi. Amin.